Wata Uku a Gonar Gahawar Hada Jamal

Kwana biyar muka yi a wani ƙaramin masauki a Adis Ababa kafin muka yarda cewa an yashe mu. Mu huɗu ne, duk mata, kowace da fasfonta da hatimin zaman wata uku a Habasha. Ejan ɗin da ya kawo mu, wani mai taushin murya da tabon salla, ya ce a nan za a buga mana bizar Saudiyya, mu wuce Jidda mu kama aikin gida. Ya ajiye mu ranar Lahadi, ya ce zai je ofis ya dawo. Ranar Talata wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Ranar Alhamis ta daina shiga gaba ɗaya.

Ni sunana Kulu, haifaffiyar Dauran ta ƙasar Zurmi, aure ya kai ni Ƙauran Namoda. Shekara goma sha tara ina sayar da wake a kasuwar Ƙaura. Da maigidana ya rasu, gonar da ya bari a hanyar Zurmi ba ta nomuwa saboda rashin tsaro, kasuwa kuma ta ja baya. Shi ya sa na sayar da awakina da keken ɗinkina na ba ejan.

Biyu daga cikinmu 'yan uwansu suka sai musu tikiti suka koma. Ta ukun, Ige, mutuniyar Jangeru ce, mun saba tun a jirgi saboda harshenmu ɗaya. Wani mutum ya zo masaukin ya ce yana da hanyar da ake bi ta ƙasa zuwa bakin teku, daga can a hau kwalekwale. Na riƙe mata mayafi na ce, "Ige, wanda munka sani ya cuce mu, bare wanga da ba mu san ko sunan ubanai ba?"

Ta ce, "Yaya Kulu, in koma Jangeru in ce musu mi?"

Ta tafi da safe da 'yar jakarta. Har yau ban ji labarinta ba, kuma ban daina sa ta cikin addu'a ba.

Na kira yayana Mamman, direba ne a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Da ya ji abin da ya faru ya ce, "Kulu, mi nic ce miki tun farko? To ki zamna nan inda kike, kada ki tahi ko'ina, in ga abin da za ni yi." Na amsa da to. Amma na san motarsa tana wajen bakanike tun kafin in taso, babu abin da zai iya.

Zama ba aiki ne ya fi damuna. Rana ta takwas na leƙa bayan masaukin, na tarar da mai girkinsu zaune da tire cike da wata ƙwaya ja kamar ƙaramin wake, tana tsincewa a hankali. Ban san yarenta ba, ba ta san nawa ba. Na zauna kawai na jawo tiren. Hannuna ya san aikinsa ko da zuciyata ba ta nan. Kafin ta hura wuta na fitar da tsakuwa da dattin, na bakace na miƙa mata.

Ashe akwai masu kallo. Wata tsohuwa ce siririya zaune kan kujera tana shan hantsi, da ɗanta tsaye a bayanta, magidanci mai kimanin shekara arba'in. Ya yi mini sallama da Larabci. Ɗan Larabcin Islamiyya da nake da shi ya yi rana, muka fahimci juna da ƙyar. Sunansa Jamal, ya taɓa aiki a Sudan. Mahaifiyarsa ya kawo asibitin ido, yanar ido ta rufe mata gani, likita ya ce sai nan gaba za a yi aiki. Suna da gonar gahawa a kan tsaunukan bayan garin Jimma, kuma ɗiba ya kama. Ya ce duk shekara tsohuwar ce ke kula da tsinta, bana kuwa ba ta bambance baƙi da ja.

"Ta ji ƙarar hannunki a kan tire," in ji shi. "Ta ce wannan hannun ba na ɗan koyo ba ne. Ki zo ki yi mana kaka. Ci da kwana namu ne, in an gama in sai miki tikitin gida."

Na ce ina ganin gahawa a shago cikin gwangwani, amma ban taɓa ganin itacenta ba.

Ya fassara wa tsohuwar. Ta yi dariya, ta lalubo hannuna ta shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wani abu gajere. Ya ce, "Wai itace za ki gani a can, ba ɓoye shi muka yi ba."

Wanda aka cuta jiya bai kamata ya bi baƙo yau ba, na sani. Na yi istihara. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda Jamal ke durƙusawa ya sa wa uwarsa takalmi. Sai da motar ta bar gari na gaya wa Yaya Mamman. Ya yi faɗa har katin wayata ya ƙare.

Yini guda muka yi a hanyar Jimma. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda za ka hango mai keke tun daga nesa, sai ga mota tana nannaɗe dutse tana gangarawa rami tana sake hawa. Na yi amai sau uku. Tsohuwar, wadda kowa ke kira Hada Jamal, wato uwar Jamal, ta ciro ɓawon lemo ta ce in riƙa shinshinawa. Washegari muka hau wata tsohuwar mota zuwa ƙauyensu, ƙarshe muka taka da ƙafa. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ƙasar ja ce wur, hazo yana kwance tsakanin itatuwa har hantsi, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Gonar ba irin tamu ba ce mai kunya-kunya. Daji ne a gefen tudu, manyan itatuwa sun yi rumfa, ƙananan itatuwan gahawa suna ƙarƙashinsu cikin inuwa. 'Ya'yan suna jere a jikin reshe, girman magarya, wasu kore, wasu ruwan ɗorawa, wasu jajaye. In ka matse ja sai ƙwaya biyu su fito manne da juna cikin yauƙi mai zaƙi. Jamal ya ce ja kaɗai ake ɗiba, ja mai duhu, sauran a bar su sai an sake zagayowa.

Ya kuma bayyana mini abin da ya sa bana ta fita daban. Shekara da shekaru dillalai ke sayen gahawarsu su zuba cikin ta kowa da kowa, mai kyau da marar kyau farashi ɗaya. Bana wani mai saye daga waje ya ce yana son ta wannan gonar kaɗai, ba gauraye, a rubuta sunan uwarsa a jikin buhu. Amma sai an kai samfur Jimma an dafa kofi biyar an ɗanɗana. In kofi ɗaya ya yi wari, duka ta faɗi.

Makon farko na sha wuya. Ƙafata ba ta saba tsayuwa a gangare ba, na zame na faɗi da kwando har sau biyu, matan da muke ɗiba tare suna dariya suna ɗaga ni. Su cika kwando uku, ni ina kan na farko. Abincinsu kuwa wata faffaɗar waina ce kamar sinasir, mai tsami, safe da rana da yamma. Ina ci don kada in faɗi, amma raina yana kan tuwon dawa da miyar kuka. Wata rana na ji kukan kurciya a bayan gida, irin kukan ta tsakar gidanmu a Dauran, sai na ajiye kwando na zauna na yi kuka ni ma.

Maƙwabciyarsu Almaz, Kirista ce, ita ta gan ni. Da la'asar ta shigo da wani farin bargo na saƙi mai kauri ta yafa mini a kafaɗa. Bayan kwana biyu, ranar kasuwarsu, ta dawo da ƙullin dawa, saboda ta taɓa ganina na tsaya ina shafa wata zangarniyar dawa da aka rataye a rumbunsu. Na surfa, na kai niƙa, na tuƙa tuwo. Babu kuka, babu daddawa, da ganyen kabeji na yi miyar. Hada Jamal ta ci loma biyu ta yaba don kunya, Almaz ta kasa haɗiyewa. Ni kuwa na cinye malmala uku.

Na yi laifi tun ranar farko ban sani ba. Kullum bayan azahar Hada Jamal takan shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turaren wuta, ta wanke ɗanyar gahawa ta soya a kasko a gaban kowa. Ido ba ya gani, amma kunnenta na jin lokacin da ƙwayar ta fara fashewa, hancinta na gaya mata lokacin saukewa. Sai ta zagaya da kaskon kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba a wani tulun ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana, ta bar shi ya tafasa ya kwanta, sannan ta tsiyaya cikin ƙananan kofuna marasa mariƙi. Buna suke kiran gahawar. Ni da aka ba ni, na kurɓa na ji ɗaci, na daure na shanye, na yi godiya na tashi. Haka na yi kwana uku. A na huɗu Jamal ya tare ni a ƙofa.

"'Yar uwa, wani ya ɓata miki rai ne?"

Na ce a'a.

"To ai zagaye uku ne. Wanda ya tashi a na farko, ko yana fushi da masu gida ko an yi masa rasuwa. Inna tana ta tambaya me ta yi miki."

Kunya ta kama ni. Daga ranar nake zama har kofi na uku, ina tauna gugguru ina sauraron hirar da ba na fahimta. Ban san ranar da ɗacin ya daina zama ɗaci kawai ba. Na dai wayi gari ina jin wani zaƙi a bayansa, da ɗan tsami mai daɗi a gefen harshe.

Da aka ga ɗiba ba nawa ba ne, sai aka mai da ni wajen shanya, nan kuwa na samu kaina. Gadaje ne dogaye masu tsayin ƙugu, an ɗaura musu raga don iska ta ratsa ta ƙasa. A kansu ake baza 'ya'yan da ɓawonsu, a yi ta juyawa da hannu, a rufe in rana ta take, a rufe in hadari ya taso. Kusan mako uku suke yi kafin su yi baƙi su bushe, in ka girgiza ka ji ƙwaya tana kaɗawa a ciki. Ina bin gadajen ina fitar da kore da wanda ya ruɓe da wanda ƙwaro ya huda. Hada Jamal takan biyo ni da sandarta, ta damƙi abin da na tsince ta murza ta shinshina. Tun tana gyara mini har ta koma zama kawai a inuwa tana jan carbi.

A wata na biyu ruwa ya shammace mu. Ranar Juma'a ce, maza suna masallaci, sama tas babu alamar komai, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ni da Almaz da mata biyu muka yi ta gudu da leda, muka rufe abin da muka iya. Gadaje biyu na can ƙarshe suka jiƙe sharkaf, kuma aka yi kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Da suka bushe Jamal ya ɗura su a buhu daban ya jingine a lungun ɗakin ajiya. Ya ce waɗannan na dillalai ne.

Ana saura kwanaki a kai kaya injin casa, na shiga ɗakin ajiyar da safe ɗaukar tsintsiya. Lungun nan babu komai. Na tsaya. Na kwance bakin buhu ɗaya daga cikin masu kyau na tura hannu har gwiwar hannu, na ɗebo na kai hanci. A ƙarƙashin ƙanshin nan mai kama da busasshen dabino akwai wani abu siriri. Duk macen da ta taɓa buɗe rumbun da damina ta yi wa yoyo ta san shi. Fumfuna ce. Na fito haske na duba, ga wasu 'ya'yan da ɗan fari-fari kamar toka a jikin ɓawon.

Na sami Jamal yana gyaran raga. Na buɗe tafina a gabansa. Bai yi musu ba. Ya ce mai sayen ya faɗi yawan buhunan da yake so, kuma ba za su cika ba sai da waɗancan. Ya ce kaɗan ne cikin da yawa, in an cashe ɓawon ba mai gani.

Na ce, "Ni na ji shi da hanci, kuma ni baƙuwa ce."

Ya ce, "Ke baƙuwa ce, gaskiyarki. Saura mako uku ki tafi gida. Ki bar wannan a hannuna."

Bai ambaci tikiti ba, ni ma ban ambata ba, amma yana tsaye a tsakaninmu. Na koma bakin gadaje na yi ta juya abin da ba ya bukatar juyi. Na tuna hatimin fasfona da ke gab da ƙarewa. Na tuna ɗiyata Shafa'atu a Shinkafi da tsohon ciki. Jamal ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya sa ni na miƙa wa ejan kuɗin awakina. Amma sunan tsohuwar nan za a rubuta a buhun, ita kuwa ba ta gani.

Bayan azahar, da ta zauna za ta fara suya, na durƙusa a gabanta na kamo hannunta na zuba mata abin da na ɗebo. Ba ni da kalma ko ɗaya da zan faɗa mata. Ta kai hanci sau ɗaya. Ta sake kaiwa. Sai ta sauke kaskon daga wuta, abin da ban taɓa gani ta yi ba, ta kira sunan ɗanta ba da ƙarfi ba.

Ban ji abin da ta ce masa ba, kuma bai yi tsawo ba. Na dai ga magidanci mai 'ya'ya huɗu tsaye da kai a sunkuye. Ranar ba a sha buna ba.

Washegari aka zazzage buhunan duka a kan gadaje. Kwana tara muka yi muna bi ɗaya bayan ɗaya, ni da Almaz da matar Jamal da wasu mata uku, daga fitowar rana har ido ya daina rarrabewa. Wanda muka yi shakka a kansa mu miƙa wa tsohuwa ta shinshina ta yanke hukunci. Wuyana ya ƙage, yatsuna suka tsage. Jamal yana ɗauko buhu yana mayarwa, bai ce mini ko sannu ba. Da aka cashe aka sake baza ƙwayar, muka sake tsince baƙa da fasasshiya da koɗaɗɗiya. Abin da ya rage bai kai yawan da aka nema ba.

Ranar kai samfur Hada Jamal ta ce sai an tafi da ni. Muka shiga wani ɗaki mai tsabta a Jimma, inda wata mata mai farar riga kamar ta asibiti ta soya kaɗan, ta niƙa, ta zuba a kofuna biyar, ta tsiyaya ruwan zafi. Ba sukari, ba komai. Ta jira, ta ture kumfar da cokali tana shinshinawa. Sannan ta ɗebo ta zuƙa da wata irin ƙara, fuuut, ta jujjuya a baki ta tofar a gwangwani. Da a gidanmu ne da an ce ba ta da tarbiyya. Ta bi kofunan nan biyar, ta dawo ta sake bi da suka huce. Jamal yana tsaye yana murza hularsa.

Ta ɗago ta gan ni ina leƙe, sai ta miƙo mini cokali. Na zuƙa yadda ta yi, na ƙware, na sake. Ta tambaya ta bakin Jamal me na ji. Na ce zuma na ji, da tsamiya sabuwar ɗiba, da wani ƙanshi kamar furen lemo. Ta yi murmushi ta juyo mana da takardarta. Jamal ya ce zuma da furen suna ciki, tsamiya ce ba ta sani ba. Kofi biyar duk sun fita tsaf. Daraja ta ɗaya. Mai sayen, da aka kira shi a waya, ya ɗan yi ƙorafin ƙarancin kayan, sannan ya ce a ɗaure masa abin da ke akwai, baɗi ma yana so.

Muka hau motar komawa, muka yi nisa. Can Jamal ya sayi dafaffiyar masara ta taga, ya karya biyu ya miƙo mini babban ɓangaren. Ya ce, yana kallon waje, "Ki yafe mini, 'yar uwa." Na ce Allah ya yafe mana duka.

Ya sai mini tikitin, kuma shi ya raka ni har filin jirgi, saura kwana huɗu hatimina ya ƙare. Kafin in bar ƙauyen Almaz ta hana ni mayar mata da bargonta. Hada Jamal ta naɗe mini jabana cikin tsumma da ƙullin ɗanyar gahawa, ta kama fuskata da hannu biyu ta shafa tun daga goshi har haɓa, ta tofa mini addu'a.

Na iso Ƙaura na tarar Shafa'atu ta haihu namiji, har an yi suna. Yaya Mamman ya zo taryata a tasha, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kin rame, amma kin dawo da ƙahwahunki. Alhamdu lillahi." Na koma rumfata ta wake. 'Yan kasuwa suka laƙaba mini Hajiyar Habasha. Da farko yana yi mini ciwo, yanzu ina amsawa.

Bayan watanni, ina Shinkafi wajen jikana, saƙon murya ya shigo daga lambar Jamal. Na buɗe, sai muryar tsohuwar, tana magana da sauri da ƙarfi kamar mai kiran wani daga ƙetaren rafi. Ta yi kusan minti uku ba ta tsaya ba. Na saurara har ƙarshe, na sake sawa.

Shafa'atu ta ce, "Inna, mi taka cewa haka?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, ɗiyata. Kalma uku kaɗai nig gane."

"Waɗanne?"

"Sunana, da buna, da wadda suka kiran mutum da ita in suna son ya zo."

Ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta, ta dube ni ta ce, "To sake sa muna, mu ji."